Tarihin Sana'ar Hoto a Ƙasar Tasawa da Mayahi, da Mas'alar Sayen Sabuwar Kyamara

A cikin watan Janairu na shekarar 1851 ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasashen nan suka fi sani da Abdulkarimu, ya sauka a Tasawa shi da abokin tafiyarsa Overweg, bayan sun ratso hamada da Azbin da Damargu a cikin ayarin Buzaye masu fataucin gishiri. Kuma ko da yake a wannan lokaci an yi fiye da shekara goma da bayyana wa duniya hikimar ɗaukar hoto a birnin Faris, watau tun 1839, duk abin da idonsa ya gani na kasuwa da rumbuna da gidaje, da fensir ya zana shi, sai daga baya da ya koma gida wani mai zane da ake kira Bernatz ya gyara zanen, aka buga shi cikin mujalladai biyar na labarin tafiyar a 1857 da 1858. Abin da ya hana irin waɗannan matafiya ɗaukar na'ura shi ne nauyin abin da ke biye da ita. A wannan shekara ta 1851 ɗin ce wani mutumin Ingila, Scott Archer, ya fitar da hanyar ɗaukar hoto a kan gilashi wadda ta rinjayi duniya shekara kusan talatin, amma sharaɗinta shi ne a shafa wa gilashin magani, a ɗauka, a wanke, duka kafin maganin ya bushe, ta yadda wajibi ne mai hoto ya riƙa yawo da tantinsa mai duhu da kwalabensa da ruwa mai tsabta. Wanda kuwa ya san iskar hunturu a Damargu ya san abu mai laima ba ya jiran kowa a can. Ke nan tun ran farko sana'ar nan kashi biyu ce, ɗauka da wanki, kuma kashi na biyun ne ya fi wuya, shi ne kuma ya fi tsoka.

Dalilin da ya sa na faro daga nesa haka, wata mas'ala ce da ta yawaita a bakin samarinmu masu hoto na Tasawa da Mayahi da garuruwan da ke tsakaninsu, tun da wayar hannu ta riƙa kawo musu tallan kamfanonin Japan har cikin ɗaki: shin ya dace mutum ya jinginar da gona, ko ya sayar da bisashe, ko ya ci bashin ɗan'uwansa da ke ci-rani a Libiya, domin ya mallaki sabuwar kyamarar nan mai tsada da aka fitar? Ni a ganina karanta siffofin na'ura ba ya isa a yanke hukunci, sai an haɗa da nazarin tarihin sana'ar a ƙasar da za a yi aiki da ita, gama kayan aiki sun sauya a nan har sau huɗu cikin ƙarni guda, kuma a kowane karo an ga wanda ya ci riba, an ga wanda ya tashi a tutar babu.

Asalin hikimar kam tsohuwa ce, kuma ma'abota ilmi na Musulmi suna da rabo a cikinta, domin Alhasan ɗan Haisam, mutumin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana a cikin rubuce-rubucensa, musamman Kitabul Manaziri, yadda haske ke tafiya a miƙe, da yadda yake shiga ta ƙaramar kafa ya kai surar abin da ke waje bangon ɗaki mai duhu. Abin da ya saura shi ne maganin da zai tsare surar kada ta gushe, wannan kuwa sai wajen 1826 Bafaranshe Niépce ya dace da shi.

Hoto ya shigo ƙasar Tasawa ne a bayan bindiga. Shekarar 1899, wadda tsofaffi ba su gushe ba suna ambatonta da baƙin ciki, ita ce shekarar da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ratso daga yamma tana ƙone garuruwa, ta yi ɓarnar da ta yi a Birnin Ƙonni, har gwamnatin Faransa da kanta ta aiko Kanar Klobb ya tsai da su, suka harbe shi a Dankori ran 14 ga Yuli, su kuma sojojinsu suka juya musu suka kashe su cikin kwana uku da suka biyo baya. Ga kaburburansu nan a Maijirgi har yanzu. Ayarorin da suka biyo sawu, watau na Foureau da Lamy wanda ya iso Damagaram daga Aljeriya a ƙarshen shekarar, da na Tilho wanda ya shata iyaka tsakanin mulkin Faransa da na Ingila daga 1906 zuwa 1909, suna tafe da na'urorin hoto, littattafan da suka buga kuma suna ɗauke da surar sarakuna da dogarai da ganuwa da rijiyoyi na ƙasashen da suka ratsa. Sai dai mai fuska bai ga fuskarsa ba. An ɗauka a nan, an tafi da gilashin can, irin waɗannan hotuna na Afirka ta Yamma kuwa da yawansu sun ƙare a katin gaisuwa ana sayarwa a Dakar da Faris, kuma galibi sunan ƙabila ake rubutawa a ƙarƙashinsu a maimakon sunan mutum.

Kafin talaka ya zauna gaban na'ura da kuɗinsa, sai da abu biyu suka haɗu, kuɗi a hannu da takardar hukuma. Tasawa ce mazaunin kumandan mai mulkin wannan yanki har zuwa 1927, sa'ad da aka mai da babban bariki Maraɗi. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano tun 1911, gyaɗa ta zama abin nema, kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka kafa sikeli, manomi ya fara ganin tsabar kuɗi da kaka ko da lanho zai cinye rabinsu. Bayan yaƙin duniya na biyu kuma, da aka soke aikin tilas a 1946, al'amura suka buɗe: tsohon soja yana bukatar hoto a littafin fanshonsa, ɗan lakwal a takardar jarrabawarsa, direba a lasisinsa, mai tafiya Kurmi ko Gwalkwas a takardar shaidarsa, maniyyaci kuma a fasfonsa. Hukuma ce ta haifi kasuwar hoto a ƙasar nan, sha'awa daga baya ta zo, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu sake gamuwa da hukuma a ƙarshen labari.

Waɗanda suka fara cika wannan gurbi baƙi ne daga bakin teku, Yarabawa da mutanen Dahome da Togo da Gwalkwas, domin a can sana'ar ta riga ta yi jijiya tun ƙarni na goma sha tara, da gidan Lutterodt a Akara da George Da Costa a Legas. Ko a Yamai ma, mai hoton da ya fi suna a shekarun farko na mulkin kai, Philippe Koudjina, haifaffen Kwatano ne da ya zo a 1959, kuma wata mai bincike, Erika Nimis, ta buga littafi sukutum a 2005 a kan yadda Yarabawa suka yaɗa sana'ar a Afirka ta Yamma, har da Nijar. 'Ya'yan Hausawa ta hanyar yarantakar shago suka shigo, suna share ɗaki, suna ɗebo ruwa, suna shanya hotuna, har maigida ya yarda da amanar yaro ya shigar da shi ɗakin duhu, wanda shi ne sirrin da ake ɓoyewa.

Kayan aikin da ya fara kai hoto kasuwannin ƙauye, ya kuma daɗe a bakin bariki har bayan samun mulkin kai, akwati ne na katako mai ƙafa uku wanda kafinta na gari yake iya haɗawa, ba abin da ake sayowa daga waje sai gilashin idonsa da takarda da magani. Hikimar da ke cikinsa ita ce, akwatin shi ne na'urar ɗauka, shi ne kuma ɗakin duhu: a ciki akwai 'yan tasoshi biyu, ɗaya na maganin da ke fito da sura, ɗaya na wanda ke tabbatar da ita, a gefe kuma akwai hannun riga na baƙin ƙyalle wanda mai hoto ke zura hannunsa ta ciki ba tare da haske ya bi shi ba. Sai a zaunar da mutum a kan benci a gaban baƙin zane, a ce masa kada ya motsa kada ya ƙifta, mai hoto ya cire murfin ido, ya ƙirga a zuci, ya mayar, ya tsoma takardar cikin magani yana leƙenta ta wata 'yar kafa, ya fito da dodon hoto, fari ya koma baƙi baƙi ya koma fari. Sa'an nan ya manna dodon a wani ɗan allo da ke gaban idon ya sake ɗaukarsa, sai ga sura ta fito daidai, ya ɗauraye ta a bokiti, ya daidaita gefenta da almakashi, ya miƙa wa mai ita tana ɗanya. Sha yanzu magani yanzu ke nan. Ba lantarki, ba direban da za a ba saƙo, ba wani da za a raba riba da shi in ban da mai sayar da takarda a Kano. Hoton ba shi da kyau ƙwarai, gaskiya ne, amma a tarihin sana'ar nan duka ba a yi lokacin da mai hoto ya mallaki aikinsa daga farko har ƙarshe da ɗan jari kamar wannan lokaci ba.

Ba a karɓi abin nan haka kawai ba tare da muhawara ba, a ƙasar da kowane gari ke da zauren karatu. Hadisan da suka tsananta a kan masu yin sura sanannu ne, kuma fuƙaha'u na mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce mazhabar ƙasar, sun riga sun yi tafsili tun kafin a san na'ura: surar abu mai rai idan tana da jiki da inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika, haramun ce, wadda kuwa ba ta da inuwa, kamar ta kan takarda ko bango, hukuncinta bai wuce karhanci ba, almajiri yakan gamu da mas'alar a babin walima na Muhtasar ɗin Halilu, inda ake lissafa uzurorin da ke sauke wa mutum wajabcin amsa gayyata. Da hoton na'ura ya bayyana, sai Shaihu Muhammadu Bahit al-Muɗi'i, wanda ya riƙe muƙamin Muftin Masar daga 1914, ya wallafa risala a kan halaccinsa, hujjarsa kuwa ita ce mai na'ura bai ƙagi sura ba, inuwar da Allah ya halitta ce ya tsare, ya kuma ƙiyasta ta da abin da ke bayyana a madubi. Wasu malamai, musamman na Hijaz da Najdu irin su Shaihu Ibnu Baz, ba su sallama ba, suka tsaya a kan haramci sai inda larura ta tilasta, kuma wannan ra'ayi ya sami mabiya a jihar Maraɗi daga shekarun 1980. Talakawa su kuma nasu tsoron daban ne, wani yana gudun a kama kurwarsa, wata tana gudun kishiya ta kai hotonta wurin boka. Amma aikin hajji ya raba gardama a aikace, tun da ba mai zuwa Makka sai da fasfo, ba fasfo kuma sai da hoto. Malamin da ya ƙi na biki ya zauna an yi masa na larura, daga nan al'ada ta sami ƙofa ta shigo ta faɗaɗa ta.

Bayan samun mulkin kai a 1960, da kuɗin gyaɗa suka yawaita har aka kafa kamfanin SONARA a 1962 domin sayenta, hoto ya tashi daga larura ya zama ado, wannan kuwa shi ne zamanin situdiyo. Na'urar zamanin ita ce mai ido biyu da ake rataya a wuya ana leƙa ta daga sama, Rolleiflex ga mai hali, Yashica ga saura, fim guda yana ɗaukar hoto goma sha biyu. A bango an zana jirgin sama ko bene ko Ka'aba, a kusurwa an ajiye rediyo da agogo da tabarau na aro, saurayi ya jingina da babur ɗin da ba nasa ba, 'yan mata su zo su uku su huɗu da anko ranar Salla, alhaji sabon dawowa ya zauna da rawaninsa da haƙorin Makka. Da dare mai hoto ya kulle kansa da jar fitila, ya buga a takarda, ya gyara fuska da fensir, ya ajiye dodon a kwali saboda ranar da za a dawo neman ƙari. Garuruwa irin su Kanambakashe da Isawan da Urafan da Korgom kuwa, a kan keke ko babur ake bin kasuwanninsu, a ɗauka wannan mako a kawo mako mai zuwa. Da aka fara kokowar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, da kuma bukukuwan samariya na zamanin mulkin Seini Kunce, aiki ya ƙaru. Wanda yake zaton kyan hoto daga tsadar na'ura yake, ya dubi Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, yana aiki a tsakar gida da hasken rana, zanen gadonsa ne labulensa na farko, sau ɗaya yake ɗaukar kowane mutum saboda tsimi, amma yau manyan gidajen adana zane na duniya suna alfahari da aikinsa. Takwaransa Malick Sidibé kuma ya karɓi lambar Zakin Zinariya a Benis a 2007. Abin da ya kai su wannan daraja, bayan basira, shi ne sun riƙe ɗakin duhunsu, sun kuma adana dodanninsu dubbai ba su zubar ba.

Sai hoto mai launi ya zo a shekarun 1980, jama'a suka yi murna, masu sana'a kuwa ba su ankara da abin da ya same su ba sai da aski ya zo gaban goshi. Wankin fim mai launi yana bukatar magunguna da za a tsare zafinsu a wajen digiri 38 ba daɗi ba ragi, da injin da kuɗinsa ya fi ƙarfin mai shagon gari. Saboda haka wanki ya bar hannun mai hoto ya koma labo a manyan birane, da yawansu a Afirka ta Yamma mallakar 'yan Koriya ne. Mai hoto na Tasawa ya zama mai ba direba fim ya kai Maraɗi ko Damagaram ko Katsina ko Kano, ya jira kwanaki, ya biya kuɗin mota, ya biya kuɗin kowane kati har da waɗanda suka lalace da waɗanda masu su ba za su zo karɓa ba. Na Mayahi kuwa, da yake ba a kan babbar hanya yake ba, jiransa ya fi tsawo. Bugu da ƙari, tun da sirrin ɗakin duhu ya faɗi, duk yaron da ya sami ƙaramar kyamara mai fim na hoto talatin da shida ya zama mai hoto, ya bi gidajen biki da suna yana karya farashi. Rufe iyakar Nijeriya daga 1984 zuwa 1986 ya ƙuntata hanyar kaya, karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 kuma ya ninka kuɗin duk abin da ake shigowa da shi, fim da takarda da batir. Na'urorin wannan zamani sun fi akwatin katako nesa ba kusa ba, amma masu riƙe da su sun fi mai akwati talauci, ribar ta tafi inda wanki ya tafi. Abin takaici kuma, yawancin hotunan launi na waɗannan shekaru sun koɗe sun yi ja, alhali baƙi-da-fari na kakanni yana nan garau.

Na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya fara haɗawa a 1975, ita ce ta kashe fim, ta kuma durƙusar da Kodak ɗin kansa a 2012. Ita ma ba ta daɗe tana sarauta ba waya ta ture ta, gama kamfanonin Japan da suka fitar da kyamara fiye da miliyan 120 a 2010, ba su kai miliyan 10 a 2023 ba. A Nijar wayar hannu ta fara da Celtel a 2001, yau kuwa Tecno da Itel da Infinix suna aljihun manomi da mai tallan fura, kuma kamfanin da ke ƙera su ya daidaita idonsu da baƙar fata, abin da masu fim na dā ba su kula da shi ba shekara da shekaru. Waya ta shiga inda mai hoto namiji bai taɓa shiga ba, watau cikin gida wurin matan kulle ranar wuni da ranar suna, da alherin da ke cikin haka da kuma fitinar da ke biyo baya idan hoton matar aure ya fita ba da izini ba. Hukuma ma da ta haifi kasuwar ta fara janye hannunta: rajistar masu zaɓe ta 2019 da 2020 da na'urorinta ta zo har ƙauyuka, ita ta ɗauki fuska da yatsa, ba ta tambayi kowa hoton shago ba. Amma akwai wani alheri a cikin wannan juyi wanda ba a cika ambatonsa ba, shi ne wanki ya dawo gida. Ƙaramar firinta irin Selphy tana fitar da kati cikin ƙasa da minti guda, har da batir take aiki, kuma kwamfuta ta hannu ta isa gyaran fuska da haɗa kalandar biki. A karo na farko tun zamanin jar fitila, mai hoto na Mayahi yana iya gama aikinsa bai ba direba saƙo ba.

Manyan kyamarori masu tsada sun taɓa zuwa ƙasar nan da yawa, a lokacin yunwar 2005, sa'ad da 'yan jaridar duniya suka cika cibiyoyin ciyar da yara na jihar Maraɗi, har hoton da ya ci babbar gasar 'yan jarida ta duniya ta wannan shekara a Tawa wani mai hoto, Finbarr O'Reilly, ya ɗauke shi. Sun jawo taimako, ba a musun wannan. Amma kuɗin na'urorin nan jaridun Turai da Amurka ne suka biya, domin su ke da masu sayen hoton. A nan ne asirin yake: na'ura mai tsada tana biyan kanta ne kawai inda akwai mai sayen abin da ta fi saura da shi.

To, mu zo ga sabuwar kyamara, mu ɗauki misali guda don kada magana ta zama ta iska. Canon EOS R5 Mark II, wadda aka fitar a 2024, tana kama hoto mai ɗigo miliyan 45, tana iya ɗaukar talatin cikin daƙiƙa guda, tana gane idon mutum ta bi shi duk inda ya juya, tana ɗaukar bidiyo mai tsabtar da ta wuce ƙarfin yawancin talabijin. Zalunci ne a ce ba abin al'ajabi ba ce, kuma takwarorinta na Nikon da Sony ba su gaza ta ba. Farashinta ran fitowa dalar Amurka 4,299 ne, jiki kawai ba ido, watau sama da sefa miliyan biyu da rabi tun kafin a yi maganar duwan da kuɗin kawowa. Idon da ya dace da darajarta shi kaɗai yakan haura miliyan, sa'an nan ga katin ajiya na musamman, ga batura, ga kwamfuta mai ƙarfin da za ta iya ɗaukar nauyin hotunan. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata tun farkon 2024, ke nan jikin na'urar kawai ya kai albashin ƙaramin ma'aikaci na shekara biyar bai ci bai sha ba. A ɗaya gefen, katin da jama'a ke saye, mai santimita 10 da 15, ɗigo miliyan biyu da 'yan kai sun cika shi, babban hoton bango mai 30 da 45 kuwa miliyan ashirin sun ishe shi, wanda aka aika ta WhatsApp kuma manhajar da kanta take matse shi ta zubar da mafi yawan abin da aka biya kuɗi dominsa. Uwar amarya ba za ta ƙara ko dala a kan kati don an ce mata ɗigonsa ya ninka ba.

Sa'an nan ga ƙasa da yanayinta, waɗanda mai talla ba ya ambata. Littafin da ke zuwa da irin waɗannan na'urori yakan iyakance zafin aikinsu a digiri 40, bazarar Tasawa kuwa a watan Afrilu da Mayu takan wuce haka a inuwa, kuma kamfanin da kansa yana sayar da wani mariƙi mai fanka daban saboda dogon bidiyo. Ƙurar hunturu tana jiran duk lokacin da aka cire ido za a sauya wani ta faɗa kan zuciyar na'urar, in kuwa abu ya lalace, gwanin gyara sai Kano ko Legas ko ƙetare, ba tare da tabbacin samun kayan gyara ba. Wutar da yankin ya dogara da ita ta layin Katsina zuwa Gazawa take zuwa, kowa kuma ya ga abin da ya faru da aka yanke ta a watan Agusta na 2023 aka yi watanni ana fama. Mai zuba dukan jarinsa a jikin kyamara alhali ba shi da sola ba shi da firinta, daidai yake da wanda ya sayi ingarma bai tanadi harawa ba.

Akwai waɗanda ta dace da su, ba na musu: wanda yake da kwangila tabbatacciya da gidan talabijin ko ƙungiyoyin raya karkara masu biya da kyau, ko mai shirya fim, ko wanda abincinsa ya rataya a kan kama doki yana sukuwa ranar hawan Salla da ɗan kokowa yana cikin iska, inda saurin na'ura ke raba samu da rashi. Irin waɗannan a sassan nan biyu ba su da yawa, su ma da yawansu haya za ta fi musu sauƙi. Sauran jama'ar sana'a, waɗanda aikinsu biki ne da suna da walimar sauka da katin lakwal da fastar 'yan siyasa, kyamara ta hannu irin Canon 5D Mark II ta 2008 ko Nikon D750 ta 2014, masu ɗigo sama da miliyan ashirin, waɗanda yanzu ake samu da wani ɗan yanki na wancan farashi, ta ishe su har ta yi saura, matuƙar an duba lafiyarta kafin a biya. Abin da ya ragu na kuɗi a sa shi a ido mai kyau guda, da fitilar da za ta haskaka fuska a rumfar biki da dare, da firinta da takardarta, da faifan sola da batirinsa, da ma'ajiya biyu da za a riƙa zuba aikin kowace rana a ciki. Mai sauran hali ya ƙara da na'urar kwafe tsofaffin hotuna, domin akwatunan gidajen Tasawa da Mayahi cike suke da hotunan iyaye da gara ke ci, kuma 'ya'yansu za su biya a sabunta musu. Hukuncina ke nan ga ɗan'uwa mai tambaya: in ba ka da takardar kwangila a hannu wadda za ta mayar maka da kuɗin cikin shekara biyu, kada ka saya, kuma kada ka jinginar da gonar gado saboda ita.